Mai asma da komawa fili: abin da ke rufe ƙirji da yadda ake sake gina jiki

Ɗan yayata ya yi shekara biyu cur bai taɓa ƙwallo ba. Kafin nan shi ne ɗan gefen dama a kulob ɗin unguwarsu, yaro mai gudu kamar barewa, wanda ko abinci sai an yi da gaske yake zama ya ci idan lokacin fili ya yi. Wata ranar hunturu bayan la'asar, an tashi daga wasa kowa na kakkaɓe ƙafa, sai aka hange shi durƙushe a bayan raga, ya dafe ƙasa da hannu biyu, ƙirjinsa na fito kamar kukan ɗan kyanwa. Abin da ya ɗaure wa abokansa kai shi ne, duk tsawon wasan lafiya lau ya yi ta gudu. Sai da aka tashi da kamar minti goma abin ya shaƙe shi. A asibiti aka ce asma ce. Da suka dawo gida, yayata ta ɗauki takalman ƙwallon ta jefa ƙasan akwati ta kulle, ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ban ga laifinta ba a ranar, har yau ma ban gani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ɗansa yana kokawa da numfashi ya san irin wannan tashin hankali. Sai dai shekara biyun nan sun koya mana abin da ba mu zata ba. Zaman gida bai kori asmar ba. Tana nan tana tashinsa da tari cikin dare, ga kuma ƙari da aka samu: jiki ya yi nauyi, hawa bene ɗaya sai haki, yaron da aka sani da fara'a ya koma mai zaman ɗaki. An gudu ba a tsira ba.

Kafin a yi maganar komawa fili, sai an fahimci abin da ya faru a bayan ragar nan, domin a nan yawancinmu muke kuskure. Mun ɗauka gudu ne ke gajiyar da huhun mai asma har ya kasa, alhali bushewa ce tushen abin. Mutum yana zaune, iskar da yake shaƙa a minti ɗaya ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba, kuma ta hanci take bi. Hanci kuwa ba ƙofa ce kawai ba, yana tace ƙura, ya ɗumama iskar, ya jiƙa ta, ta yadda kafin ta kai can cikin huhu ta yi ɗumin jiki ta kuma ƙoshi da danshi. Da zarar an shiga gudu mai tsanani, buƙatar kan haura lita 100 a minti. Hanci ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba, dole a buɗe baki. Daga nan aikin jiƙa iska sai ya koma kan hanyoyin iskar da ke cikin ƙirji, waɗanda wani ɗan siririn ruwa ne ya lulluɓe bangonsu. Iska na wucewa tana tsotse ruwan nan. Idan bangon ya bushe, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a wurin sai su saki sinadarai, cikinsu har da histamin, irin wanda ke sa hanci zuba ido kuma ƙaiƙayi. Su ne ke sa tsokar da ta kewaye hanyoyin iskar ta tsuke, bango ya kumbura, majina ta taru. Mutum sai ya ji kamar ta cikin bututun biro yake jan numfashi, fitar da iskar ma ya fi shigar da ita wuya.

To me ya sa sai bayan an tsaya? Saboda yayin da ake cikin gudu, jiki da kansa yana fitar da sinadaran da ke buɗe hanyoyin iska, suna ta riƙe ƙofar. Ana tsayawa sai su janye, tsukewar ta samu fili. Shi ya sa abin kan fi tsanani tsakanin minti 5 zuwa 15 bayan an gama, sannan ga mafi yawan mutane yakan sassauta cikin sa'a guda. Likitoci ma da wannan suke gano shi: a auna ƙarfin iskar da mutum ke iya hurawa a daƙiƙar farko, a sa shi gudu, a sake aunawa, idan ta ragu da kashi 10 cikin ɗari ko fiye, an tabbatar.

Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa hunturu ya zama babban abokin gabar mai asma a ƙasarmu. A ƙasashen Turai sanyi suke kuka da shi, shi ya sa asma ta yi yawa a tsakanin masu tseren kan ƙanƙara. Mu namu ya haɗa uku a lokaci guda. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Danshin iska a garuruwa irin su Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Leɓe ma tsagewa yake, kaushi ya fito a ƙafa, balle bangon hanyar iska da ake tura masa lita ɗari a minti. Ga sanyin asuba, ga filayenmu da yawancinsu ƙasa ce zalla, 'yan wasa ashirin da biyu na tayar da ita da ƙafa. Idan aka ƙara hayaƙin bola da ake ƙonawa a gefen fili da yamma, da na janareta, da na A Daidaita Sahu a bakin titi, sai mutum ya daina mamakin yadda ƙirjin yaro ya rufe, ya koma mamakin yadda ya jure har zuwa wannan rana.

Duk da haka, bushewar iska ita kaɗai ba ta isa ba. Sauran yaran da ke filin nan iska ɗaya suka shaƙa da ɗan yayata, ba wanda ya durƙusa. Bambancin yana can ciki. Hanyoyin iskar mai asma a kumbure suke, a fusace, ko da a ranar da yake jin kansa garau. Kamar miki ne da bai gama warkewa ba, ɗan taɓi kaɗan sai ya motsa. Wannan kumburin na ɓoye shi ne ainihin ciwon, tarin da fiton kuwa alamominsa ne. Kuma a nan ne nake ganin mun fi yin asara, domin kusan duk mai asmar da na sani magani ɗaya ya sani: shuɗiyar inhela, wadda kowa ke kira Ventolin, maganin cikinta kuma salbutamol. Aikinta ta saki tsokar da ta tsuke, cikin 'yan mintuna mutum ya samu sa'ida. Kumburin kuwa ba ta taɓa shi. Mai taɓa shi wata inhela ce daban, mai ɗauke da ɗan ƙanƙanin sitiroyid irin su beklometason ko budesonid, wadda ake shaƙa a kai a kai ko ana jin ciwo ko ba a ji, a kuskure baki bayan an shaƙa. Ita ba a jin aikinta nan take, sai an yi kwanaki, wani lokaci makonni, sannan mutum ya lura cewa ya daina farkawa da tari. Saboda ba a jin ta a take ɗin nan ne mutane ke watsar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar tafiyar muke tuna da gorar.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da asma da likitocin duniya ke bi, ta yi babban sauyi a 2019: ta daina ba da shawarar a riƙe baligi ko matashi da shuɗiyar inhela kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce. Ta ce a haɗa masa da mai kwantar da kumburi, ko dai ta kullum, ko kuma inhela guda da ta haɗa budesonid da formoterol, wadda ke buɗe ƙirji tana kwantar da kumburin a shaƙa ɗaya. Dalilinsu shi ne an ga cewa wanda ke ƙarar da shuɗiyar inhela uku ko fiye a shekara ya fi shiga haɗarin mummunan tashin ciwo. Kowace ɗaya shaƙa 200 ce. Mai karatu da ke da asma ya lissafa nawa ya saya bara.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: kuɗi. Tun bayan da kamfanin magunguna na GSK, mai yin Ventolin, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo. Mutane da yawa sun koma ƙwayar salbutamol ta haɗiya ko firednisolon, ƙwayar sitiroyid ta haɗiya, daga kemis, ba tare da likita ba. Ƙwayar salbutamol tana daɗewa kafin ta yi aiki, tana sa rawar hannu da bugun zuciya. Firednisolon kuma magani ne na 'yan kwanaki idan ciwo ya tashi, wanda ya mai da shi abincin yau da gobe yana sayen hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Akwai inhela ta wasu kamfanoni masu magani iri ɗaya da suka fi araha, a tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna. Sai kuma camfin da ya zauna mana, wai in ka fara inhela ba ka rabuwa da ita, sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake ba shi. Inhela ba ta kama mutum kamar taba. Maganin da ke cikinta ma ya fi na ƙwaya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don kai tsaye yake zuwa inda ake buƙatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda ba a gano ciwon da wuri ba a kuma samun maganin da ya dace.

Saboda haka matakin farko na komawa wasa ba a fili yake ba, a ɗakin likita yake. Tambayoyin da zai yi ba su da yawa. A makonni huɗun da suka wuce, ciwon ya motsa da rana fiye da sau biyu a mako? Ya tashe ka daga barci? Ka nemi shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako? Ya hana ka wani abin da ka saba yi? Wanda amsarsa i ce a kan yawancin waɗannan, gyaran magani ne a gabansa kafin takalmi. A wannan zaman ne kuma ake tabbatar da cewa asmar ce ma tun farko. Ƙarancin jini, ciwon zuciya da tarin fuka duk suna kawo haki, kuma tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko gumin dare, gwajin majina yake buƙata.

Bayan magani ya zauna, sai a shiga abin da a ganina ya fi komai wuya, wato mutum ya koyi bambanta haki biyu. Wanda ya yi shekara biyu a zaune dole ya yi haki idan ya fara gudu, ko yana da asma ko ba shi da ita. Zuciya ta saba da hutu, tsokoki sun manta aikinsu. Amma shi mai asma duk wani haki tsoro yake ba shi, don yana tuna masa da ranar da ya kusa shiɗewa. Sai ya tsaya, ya ce ciwon ne. Tsayawar ta ƙara kashe masa jiki, gobe hakin ya zo da wuri fiye da na yau, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ba zai iya ba. Haka ake ta zagaye har mutum ya haƙura gaba ɗaya. Alhali hakin mutuwar jiki yana da kamanninsa: numfashi ne mai sauri mai zurfi, iska na shiga tana fita ba shamaki, kana tsayawa minti biyu ko uku ya lafa. Na asma kuwa da ɗaurewar ƙirji yake zuwa, kamar an naɗa maka igiya, da busasshen tari, da fito wajen fitar da iska, kuma tsayawa ba ta kore shi, sau da yawa ma bayan an tsaya yake ƙaruwa. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ake hurawa da ƙarfi ya nuna lamba. Wanda ya samu, ya san lambarsa ta ranar da yake garau. Kashi 80 cikin ɗari na wannan lamba zuwa sama lafiya ne, tsakanin 50 da 80 gargaɗi ne, ƙasa da 50 kuwa maganar asibiti ce. Amfaninsa babba shi ne yana raba mutum da zato.

Wani zai ce, to in gudu ne ke tayar da ciwon, mene ne ribar komawa gare shi? Motsa jiki ba ya ƙara girman huhu, ba ya kuma warkar da asma, kada a yaudari kowa da wannan. Abin da yake yi shi ne ya horar da zuciya da tsoka su iya aiki da iska kaɗan. Gudun da a watan farko yake sa ka buɗe baki kana jan iska kamar zugazugin maƙeri, bayan wata uku da rufaffen baki za ka yi rabinsa. Iska kaɗan ta wuce, bushewa kaɗan ke nan, tsukewa ma kaɗan. Wato ƙarfin jiki da kansa yana matsar da iyakar da ciwon ke farawa. A 2013 masu nazari na Cochrane, cibiyar da ke tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 21 da aka yi a kan masu asma da aka sa su motsa jiki a tsare, suka ga juriyarsu ta ƙaru sosai, ciwon kuma bai tsananta ba.

Yadda ake ginin ba wani sirri ba ne, haƙuri kawai yake ci. Ana farawa da tafiya mai sauri, minti ashirin zuwa talatin, kwana uku ko huɗu a mako, a matakin da mutum zai iya magana da na kusa da shi ba tare da jimla ta yanke ba. Bayan mako biyu ko uku sai a soma cusa sassarfa, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, ana ƙara na gudun ana rage na tafiyar sannu a hankali. A haɗa da 'yan atisayen ƙarfafa cinya da ciki da baya, domin jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi zuciya jinkirin dawowa, kuma da yawa daga masu komawa fili targaɗe ne ke mayar da su gida tun kafin asma ta ce uffan. Da za a bi shawarata, mai niyyar komawa ya fara da damina, lokacin da iska ke da laima ƙura ta kwanta, ta yadda kafin hunturu ya shigo jiki ya riga ya yi ƙwari. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, a yi atisayen a ɗaki ko a bar shi. Haka in mura ta kama mutum, don takan bar hanyoyin iska a fusace har makonni bayan hanci ya daina zuba, komawa da ƙarfi a wannan tsakanin ganganci ne.

Akwai wata dabara da jiki ya zo da ita wadda ya kamata kowane koci ya sani. Kusan rabin masu wannan matsala, idan suka ɗumama jiki yadda ya kamata, ƙirjinsu yakan samu wani irin kariya na kamar sa'a biyu, ko sun yi gudu mai tsanani tsukewar ba ta kai ta da ba. Ɗumamawar da ta fi aiki ita ce ta minti 10 zuwa 15 wadda aka cusa mata gajerun gudu masu ƙarfi, kamar na daƙiƙa 30, ana hutawa a tsakani. Yaran unguwa kuwa daga kan babur suke faɗawa fili. Idan likita ya amince, ana shaƙar shuɗiyar inhela sau biyu kamar minti 15 kafin a fara, tana ba da kariya ta sa'o'i biyu zuwa huɗu. Amma wanda ya ga kullum sai ya yi haka, ya sani jiki na sabawa da ita kariyar ta ragu, kuma alama ce cewa kumburin na ciki bai kwanta ba. Rufe baki da hanci da ƙyalle a lokacin ɗumama jiki ma yana taimakawa, don yana riƙe danshin numfashin da ka fitar ya mayar maka. Buzaye da mahayanmu da ke jan amawali su rufe baki a cikin iskar hunturu sun daɗe da sanin amfanin wannan. Bokiti biyu na ruwa da aka yayyafa a gaban raga, inda ƙura ta fi tashi, su ma ba ƙaramin aiki suke yi ba.

Yadda ake shaƙar ma abin dubawa ne. Da yawa suna fesa maganin ne a kan harshe. A girgiza inhelar, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa goma. Wanda haɗa dannawa da ja ke ba shi wuya, musamman yaro ko wanda ciwo ya riga ya tasar masa, akwai mazubin da ake sa wa a tsakani. In babu na saye, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhelar, a fesa a ciki, a shaƙa ta bakin gorar. Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu sun gwada wannan a kan yara a 1999, suka ga gorar ta yi aiki kamar na kanti.

Abu biyu kuma a gurguje. 'Yan ƙwallo na son haɗiyar maganin ciwon jiki bayan wasa, alhali asfirin, ibufurofen da diklofenak suna tayar wa wasu masu asma da ciwo mai tsanani, farasitamol ya fi zama lafiya ga yawancinsu. Sai azumi. Malamai sun yi saɓani a kan inhela, wasu irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun ce ba ta karya azumi, wasu sun ga akasin haka, kowa ya tambayi malaminsa. Ita dai ta kullum ana iya shaƙarta da sahur da kuma bayan shan ruwa, ba dalilin ajiye ta wata guda.

Lokacin da muke lallashin yayata, sunayen manyan 'yan wasa sun taimaka, ko da yake ina taka-tsantsan da su. Paula Radcliffe ta Ingila tana da shekara 14 aka gano tana da asma, a 2003 kuma ta yi gudun famfalaki na Landan cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, tarihin da ba macen da ta karya sai a 2019. A gasar Olamfik ta 1984, 'yan wasan Amurka 67 cikin 597 suna da asma ko wannan tsukewar ƙirji ta bayan gudu, kuma sun ci lambobi 41. Paul Scholes da ita ya yi wasansa duka a Manchester United, an kuma ɗauki hoton David Beckham yana shaƙar inhela a 2009. Amma wadda labarinta ya fi kama da namu ita ce Jackie Joyner-Kersee ta Amurka, mai lambobin Olamfik shida, wadda makinta 7,291 na 1988 a gasar wasanni bakwai har yau ba a kamo shi ba. Tana jami'a aka gaya mata tana da asma, ta kuma sha faɗa da bakinta cewa ta daɗe tana musun ciwon, tana wasa da magani, sai da ya kai ta asibiti ranga-ranga sannan ta ɗauke shi da gaske. Waɗannan mutane ba ƙarfin hali kaɗai ya kai su ba, likitoci ne a bayansu da magani a kan lokaci.

Shi ya sa ba na son a karanta wannan a ɗauka cewa asma abin wasa ce. Wani bincike a Amurka ya ƙirga mutum 61 da asma ta kashe a lokacin wasa ko jim kaɗan bayansa tsakanin 1993 da 2000, yawancinsu ba su kai shekara 21 ba, kuma da dama cikinsu ana ganin asmarsu mai sauƙi ce. Abin da ke ba ni tsoro a filayenmu shi ne ɓoyewa. Yaro na gudun kada koci ya ajiye shi a benci, ko a ce masa rago, ko ya faɗi gwajin lafiya idan damar fita waje ta zo, sai ya bar inhela a gida. Ga mai burin zama ƙwararre, dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba ta haramta shuɗiyar inhela ba. WADA, hukumar duniya mai kula da wannan doka, ta yarda a shaƙi salbutamol har maikurogiram 1,600 a sa'a 24, kada a wuce 600 a cikin sa'a 8, wato shaƙa shida ke nan na inhelar da aka saba. Na haɗiya ne aka hana, haka firednisolon a lokacin gasa, sai da takardar izini ta musamman. Rick DeMont yana ɗan shekara 16 aka karɓe masa zinaren ninƙaya a Olamfik ta 1972 saboda wani sinadari da ke cikin maganin asmarsa. Tun daga wancan zamani dokokin sun sauya sosai, abin da ake so kawai a bayyana, a rubuta.

Kowane koci, kowane kyaftin, ya kamata ya san abin yi idan ɗan wasa ya shaƙe. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa, kada a ɗura masa ruwa. A ba shi shuɗiyar inhela shaƙa ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa goma in ta kama. Idan bai iya ƙarasa jimla ba, ko cikin leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta fama, ko inhelar ba ta yi aiki ba, asibiti za a nufa nan take, ana ci gaba da ba shi a hanya. Kuma ko ya warware, ya gama wasan wannan rana.

Ɗan yayata da damina ya fara, bayan likita ya sauya masa magani ya kuma yi wata guda yana barci har asuba ba tari. Makonnin farko ni da shi muke zagaya makarantar firamaren unguwa bayan sallar asuba. Ranar da muka fara sassarfa, minti ɗaya bai cika ba ya tsaya cak, ido ya raina fata, ya ce, "Kawu, ya taso." Na ce ya tsaya mu ƙirga tare. Kafin mu kai ɗari da hamsin numfashin ya daidaita, ba tari, ba fito. Ya dube ni ya ce, "Ashe gajiya ce kawai." Sai da ya yi wata huɗu kafin ya shiga wasan mutum biyar-biyar, daga nan koci ya fara sa shi minti ashirin na ƙarshe. A hunturun da ya biyo baya sau biyu ƙirjin ya ɗaure masa, duka biyun a ranakun hazo, ya fita da kansa ya zauna ya shaƙi maganinsa. Yanzu yana riga kowa zuwa fili da kwata guda don ya ɗumama jiki, inhelar kuma tana cikin jakar mai tsaron gida, a gindin turken raga, inda duk 'yan kulob ɗin suka san take.